Ciyawar Bakin Ramin Kuza

A da, idan tunkiya ta fara rama a garin nan, yatsa biyu ne kayan awo. Ka riƙe kanta, ka ja fatar idonta ta ƙasa, ka duba. In ja ce ka sake ta, in fara ce ka fara wasa wuƙa. Yanzu malamin dabbobi ke zuwa a kan babur da jaka a baya, ya soka allura a wuyan rago, ya ɗebi jini a 'yar kwalba, bayan kwana biyu sakamako ya shigo ta waya. Haka aka yi wa ragunan ɗana Nasiru makon jiya, cikin markar nan da ta ƙi ɗaukewa. Ina zaune a baranda da bargo a gwiwa ya karanto mini: jininsu ya yi ƙasa, a ba su maganin tsutsa, a daina zuba musu jiƙaƙƙiyar ciyawa.

"Baba, ka ji wai ciyawa ce," in ji shi. "Ciyawa kore shar, wadda ake kawo mini da sassafe tun ba ta yi yaushi ba."

Mahaifiyarsa Hajara tana gefe tana gyaran wake. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Tambayi babanka," ta ce. "Shi ne malamin ciyawa."

Shekara arba'in da 'yan kai ke nan tana yi mini wannan maganar.

A lokacin ni direban babbar mota ne. Na san hanyar Maraɗi da Agadas, na san Garwa da Abeshe, na kai kaya har Kumasi. Na tsinci Fulatanci a bakin hanya, da Larabcin kasuwa, da Faransancin da zai ishe ka wuce shinge ba a sauke maka kaya ba. Sai aka shiga shekarar da kayan gyaran mota suka ɓace daga kasuwa. Oga ya cire tayoyin motarmu ya ɗora ta a kan duwatsu, ya ce in je gida, in abu ya daidaita zai aiko. Na dawo Jos da ruwan farko, kuma har damina ta ƙare bai aiko ba.

Muna haya a ɗaki biyu can gefen Daɗin Kowa. Wanda ya san unguwar yanzu ba zai yarda ba, amma a lokacin in ka fito ƙofarmu gonaki za ka gani, da shingen ƙyarana, da duwatsu masu hawa kan juna. A bayan ɗakin akwai rumfar kwano, a ƙarƙashinta tumaki tara.

Ba nawa ba ne, na Hajara ne. Da mahaifiyarta ta rasu a wajen Gumel cikin ranin da ya wuce, aka loda su a mota aka kawo mata gadonta. Uda ne, dogaye, gaba ja baya fari kamar an tsoma rabinsu a rini. Irinsu ya fito tun daga hannun kakarta, uwa tana bar wa 'ya. A cikinsu akwai rago ɗaya mai murɗaɗɗen ƙaho. Shekararmu shida da aure ba mu da ɗa a raye, sai ga ciki ya zauna, ana sa ran haihuwa wajen ƙarshen marka. Tun daga nan Hajara ta raɗa wa ragon Mai Suna. Ni kuwa ba ni da aiki, ba ni da halin sayen wani. In Mai Suna ya kai ranar, an rufa mini asiri. In bai kai ba, ban san abin da zan yanka ba.

Da damina ba a sakin dabba a can, don ko'ina shuka ce. Sai dai a ɗaure a turke a yanko musu. Harawar da aka haɗo su da ita ta ƙare, dusa ta zama abin da mutane da kansu ke tankaɗewa su ƙara a tuwo. Sai na sayi lauje a kasuwar Terminus, lokacin gobara ba ta cinye ta ba, na ce ai wannan ba wani aiki ba ne.

Tafiyar minti goma daga gidan akwai tsohon ramin haƙar kuza da ruwa ya cika. Ruwan kore ne, ba ya motsi, ga tudun jar ƙasa ya kewaye shi. Ana cewa ya taɓa cin mutane, ana cewa da wani abu a ciki, mata ba sa wanki a wurin. A bakinsa ta gabas, inda ƙasa ke da taɓo, ciyawa ta kai mini ƙugu. Laushi gare ta, in ka yanka ruwa ya biyo lauje. Kuma ba mai taɓa ta.

Sai wanda ya yi tafiyar arewa zai gane abin da na ji. A Agadas na ga tunkiya tana tauna kwali. A Abeshe na ga ana cinikin damin busasshiyar ciyawa ana ja-in-ja kamar turmin atamfa. Duk inda na bi, kore shi ne arziki, mai dabba kuma binsa yake yi da ƙafa wata da watanni. Ga shi nan a bayan gidana kyauta, mutanen wurin suna wucewa. A raina na ce lalaci ne da tsoron aljanu.

Haka kwanakin suka jeru. In idar da sallar asuba, in sa tsohuwar rigar ruwa, in ɗauki lauje da igiya. Sanyin Jos na marka ba ya kama da na ko'ina. Na Agadas yanka yake yi ya wuce da fitowar rana, wannan kuwa shiga ƙashi yake ya zauna. Gajimare yakan sauko har ƙasa, ba ka ganin dutsen da ke gabanka. Raɓa ta jiƙe wando har cinya, yatsu su ƙage a kan ƙotar lauje. In yi dami biyu, in ɗora ɗaya a ka in ja ɗaya, ruwan ciyawa na bin wuyana. Kafin gari ya gama wayewa na zube musu. Su yi ta ci har cikinsu ya yi tsini. Hajara na tsugune a gaban murhun garin katako, wanda nake ɗebowa a buhu daga kasuwar Katako tunda itace duk ya jiƙe, hayaƙi na sa ta hawaye, tana dama mana koko ba sukari. Wanki ya kwana uku a igiya bai bushe ba. Tabarma ta yi funfuna, gishiri ya narke a kwano.

Maƙwabcinmu ta bayan shinge Da Pam ne, manomi, ɗan asalin wurin. "Da" ɗin nan, haka suke kiran dattijo a yarensu na Birom. Gajere ne, ba ya rabo da wata tsohuwar kwat da hular ulu. Hausarsa irin ta mutanen dutse ce, ba ruwansa da mace ko namiji, kowa "shi" ne. Ina da harsuna uku ban da nawa, amma na shekara uku kusa da shi ban koyi ko gaisuwar yarensa ba.

Wata safiya muka yi kiciɓis a hanyar ramin, ni da dami a ka, shi da fartanya a kafaɗa. Ya tsaya ya zaro ciyawa ɗaya daga damin, ya murza ta a yatsa, ya dubi ruwan da ya fito.

"Direba, ina ka yanka wannan?"

"Bakin rami, Da."

"Kullum da safe haka?"

"Kullum."

Ya girgiza kai. "Kar ka ba tumaki. Wannan ciyawa yana sha jini."

Na yi dariya, ba ta raini sosai ba, amma ya ji ta. A Hausar da na tashi da ita, in an ce abu na shan jini, maita ake nufi ko iska. Ga rami da ake cewa yana cin mutane, ga tsoho yana maganar shan jini. Na haɗa biyu da biyu na samu abin da nake so.

"Da, mu ba mu yarda da waɗannan abubuwan ba. Na kwana a dajin da ya fi wannan rami, ba abin da ya sha ni."

Ya yar da ciyawar da ke hannunsa.

"To, Direba. Kai ka yi yawo."

Ya gyara fartanyarsa ya wuce. Bai sake ɗaga maganar ba.

Wata guda tumakin suna ci kamar ba gobe, ina ta yaba kaina. Sai zawo ya fara, kore, ruwa-ruwa. Na ce sabuwar ciyawa ce, za su saba. Sai gashinsu ya daina sheƙi ya tashi tsaye. Ciki ƙato, amma in ka shafa baya ƙashi ne ke gaishe ka. Da ka ɗaga tunkiya ta tashi, ta yi taku biyar sai ta tsaya tana haki. Hajara ta ce sanyi ne, dabbobin ƙasar rairayi ne ba su san wannan jiƙa ba. Ta farke buhuna ta ɗinka musu riguna, da cikinta a gaba tana durƙuso da ƙyar tana ɗaura musu. Muka riƙa kunna musu wuta a kasko. Na jiƙa kanwa na ba su. Da na ga ramar ta ƙi tsayawa, sai na ce abincin ne bai isa ba. Na koma dami uku. Na ƙara sammako, don in samu ciyawar tun tana da sanyinta.

Wannan ne abin da har yau yake hana ni sakewa in na tuna. Duk ranar da suka ƙara lalacewa, sai in ƙara ƙoƙari.

'Yan raguna biyu ne suka fara tafiya, kwana ɗaya tsakani. Muka wayi gari suna kwance sun sandare, ko yankawa ba mu samu ba. Sai wata tsohuwar tunkiya ta kumbura a ƙarƙashin haɓa, kumburi mai laushi kamar an ɗura ruwa a jaka. Na yanka ta. Naman fari fat, ba kitse, ya dahu ya zama kamar tsumma. Muka ci, don ba mu da zaɓi.

A wannan tsakanin mu ma ba ƙoshi muke yi ba. Masara ba ta nuna ba, tsohon hatsi ya ƙare. Na shiga aikin tonon dankalin Turawa a gonar Da Pam, a sallame ni da kwando in an tashi. Ka sa hannu cikin ƙasa mai sanyi tun hantsi har la'asar, bayanka ya ƙi miƙewa. Matarsa takan kawo gwaten acca da yakuwa a babbar tukunya, mu zauna a kan kunya mu sha da zafinsa, yayyafi na sauka a cikin kwano. Daga inda muke ina hango awakinsa da 'yan tumakinsa gajeru a can saman duwatsu, an ɗaure su da dogayen igiyoyi. Ba a fito da su sai rana ta ɗaga. Ciyawar wurin gajera ce, ba ta da kyan gani. Dabbobin kuwa sumul. Na gani da idona, na ce irinsu ne daban. Ya tambaye ni jikin mai ciki, ya tambaye ni labarin mota. Bai tambayi tumaki ba, ni ma ban faɗa ba.

Muna cikin haka har suka koma huɗu: Mai Suna da tumaki mata uku. Sai ranar da na shigo da dami na tarar Mai Suna bai miƙe ba. Ya ɗago kai ya dubi ciyawar, ya mayar da haɓarsa ƙasa. Haɓar ta kumbura.

Hajara tana tsaye a bakin rumfar, hannu ɗaya a ƙugu. Ashe matar Da Pam ta yi mata magana ta kan shinge.

"Malam, an ce tsohon nan ya yi maka magana tun farkon damina."

"Maganar aljanun rami ce."

"Me ya ce daidai?"

"Cewa ya yi ciyawar na shan jini."

"To ya ce aljani, ko ya ce ciyawa?"

Na sunkuya ina kwance igiyar damin.

"Kai da kake jin yaren Faransa," ta ce. Ba da faɗa ta faɗa ba, muryarta ta gaji. "Je ka kira shi. In kunya kake ji, ni zan je da cikin nan."

Na je. Yana gyara shinge. Ban san yadda zan fara ba, na ce, "Da, ragon ya kwanta." Bai ce ai na faɗa maka ba. Ya ajiye addarsa ya biyo ni.

Ya tsuguna gaban Mai Suna, ya riƙe ƙahon, ya ja fatar idon da babban yatsa.

"Zo ka gani."

Fara ce kamar cikin ƙwarya. Ya buɗe bakin, dasashin ma haka. Ya bi sauran ukun ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya fara, biyu da ɗan ja-ja kamar ruwan wankin nama.

"Wannan biyu zai iya tashi," ya ce. "Wancan da rago, jini ya ƙare. In kana so nama, yanka yau. Gobe mushe ne."

Hajara ta ce, "Da, saura kwana kaɗan. Ba zai kai ba?"

"Mama, ko na ce zai kai, ƙarya ne."

Ta juya ta shiga ɗaki. Ni na yanka Mai Suna da hannuna, a bayan rumfa, ruwa na sauka. Na yanka raguna da yawa a rayuwata, na san yadda jinin rago ke fita, da ƙarfi, da kauri, ya daskare kafin ka wanke wuƙa. Wannan ya zubo kamar zoɓon da aka tsinka da ruwa, ya bi ƙasa ya ɓace. Da muka feɗe, Da Pam ya karɓi wuƙar ya nemo ƙaramin tumbin nan na kusa da hanji, ya tsaga shi, ya juye a murfin kwano. Abin da ke ciki yana motsi. Tsutsotsi ne sirara kamar zaren ɗinki, jajaye, ba su ƙirguwa, wasu har lokacin suna manne a jikin tumbin.

"Ga shi," ya ce. "Ga mai sha jini."

Ya yi mini bayani da Hausarsa, a hankali, kamar mai koya wa baƙo hanya. Ana kai awakin unguwa bakin ramin su sha ruwa, suna kashi a wurin. Abin yana cikin kashin. In ƙasa ta jiƙe sai ya fito ya hau ganyen ciyawa tare da raɓa, ido ba ya ganinsa. Rana ta yi zafi ya koma ƙasa. Wanda ya yanka da asuba ya kwaso shi gaba ɗaya. Ita kuma ciyawar taɓo ruwa ce zalla, tana cika ciki ba ta sa ƙarfi, dabba ba ta samun abin da za ta mayar da jinin da aka sha.

"Ni ban ce maye ba, Direba. Ni ina zuwa coci. Na ce ciyawa."

"Na ji yanzu, Da."

"Ka ji da tsada."

Tunkiyar mai farin ido ma a ranar muka yanka ta. Tun daga nan tumaki biyun da suka rage suka koma saman dutse tare da nasa. Ba a fitar da su sai raɓa ta bushe. In ruwa ya hana fita, in yanko ta kan tudu da rana, in baza a kan kwano ta yi yaushi kafin su ci. Ya sassaƙo ɓawon maɗaci ya jiƙa muka ɗura musu, ya ba ni ganyen gyaɗar da ya ajiye wa nasa. Kowace safiya in ja fatar idonsu in duba, kamar mai duban mai a injin mota. Jan ya riƙa dawowa kaɗan-kaɗan.

Kwana goma sha ɗaya bayan yanka Mai Suna, Hajara ta haihu. Namiji, lafiyayye. Na yi murna, kuma cikin murnar ina ƙirga kwana bakwai. Ana jibi suna na shiga wajenta na zauna. Ita ta fara.

"A yanka babbar."

"Tunkiya? Su biyu suka rage miki."

"Malamai sun ce ta halatta. Tumakin uwata ne, jikanta ne. Ko rago ko tunkiya, daga garkenta za a yanka masa."

Haka aka yi. Abokaina direbobi suka zo, suka ga fata a shanye. Ɗaya daga cikinsu, Ɗanlami, wanda bakinsa ba ya da birki, ya zagaya ta yana dubawa.

"Oga, wannan ragon naka ina ƙahonsa?"

"Ya bar su a Gumel," na ce.

Aka yi dariya, ni ma na yi. Maganar ta bi yaron, Nasiru ke nan. Har ya shiga makaranta tsofaffin abokaina Na-Tunkiya suke kiransa, kuma sai da ya girma ya san dalili. Na kai wa Da Pam cinya guda. Ya ɗaga ta ya duba launin naman, ya ce, "Wannan yana da jini."

Ɗayar tunkiyar ta rayu shekara biyu. Ta yi ɓari sau ɗaya, ba ta sake ɗaukar ciki ba. Daga baya mota ta tashi, na koma hanya. Na ga ciyawa iri-iri bayan nan, a fadamun Kamaru da gefen manyan koguna, kuma ban sake kallon kore da idon da ba. Shekaru suka wuce, garin ya yi rikice-rikicensa, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa. Muka taso muka dawo wannan gefen na Katako. Na yi ta cewa zan je in gaishe da Da Pam in ƙura ta lafa. Labarin rasuwarsa ya iso ni bayan an yi wata biyu da binne shi. Ramin yanzu gidaje sun kewaye shi, an ce har da wurin shaƙatawa.

Makon jiya, da Nasiru ya gama karanta saƙon, na ajiye bargo na taka zuwa kejin ragunan. Gwiwa ba ta son tsuguno yanzu, amma na tsuguna. Na ja fatar idon babbansu. Da sauran ja, za su tashi.

"Ka ba su maganin da malamin dabbobin ya ce," na ce masa. "Ciyawar kuma ka hana a yanko ta da raɓa. In an kawo, baza ta ta yi yaushi. Ka nemi harawa ka haɗa."

"Baba, ai abin da wayar ta ce ke nan."

"Na sani. Wani ya riga ta faɗa mini."

Hajara ta tattara wakenta ta miƙe. Ta wuce ta gaban kejin ba ta kalli ragunan ba, kamar yadda take yi kullum. Tumakin da suka fito daga hannun kakarta zuwa na uwarta zuwa nata, a hannuna suka ƙare, sanadiyyar damina ɗaya. Tun daga lokacin ba ta sake ɗaure dabba a turke ba.